Shekarar da Na Buɗe Akwatin Allura

Ƴaƴana, akwai maganar da kuka daɗe kuna ji a gidanmu, wasunku har sun maimaita ta a gabana ban ce uffan ba. Ana cewa wata ma'aikaciyar likita mai suna Madam Fati ta kawo wa ƴan lakwal, wato makarantar bokon garinmu, ruɓaɓɓiyar allura, asirinta ya tonu, aka ɗauke ta daga yankinmu. Wannan magana ƙarya ce, kuma daga bakina ta fito. Na riga na faɗi haka a ƙofar masallaci, amma ku da kuke Yamai da ku da kuke ci-rani ba ku nan ranar, kuma na san yadda ƴan'uwa suke sassauta labari idan ya shafi tsoho. Shi ya sa na sayi kaye, littafin rubutu, na zauna ina rubutawa da ɗan karatun da na yi, don ku ji shi yadda yake.

A shekarar ni ne shugaban kwamitin iyayen yara. Ba don ilimi aka zaɓe ni ba, aji biyar na yi aka mayar da ni gona. An zaɓe ni ne don ina da amalanke da jakai biyu, na iya sa hannu a takarda, kuma ba a taɓa jin na ci kayan wani ba. Daraktan lakwal, Mushe Idi (Mushe muke ce wa malamin boko), yakan kira ni Parsidan, wato shugaba, sunan kuwa ya yi mini daɗi fiye da yadda ya kamata. Ana tsakiyar yankan hatsi ya aiko na je, na iske shi a inuwar bedi, itacen da wasu ke kira dogon yaro, tare da wata mata doguwa da ta ɗaura kallabi a ƙarƙashin hular moto, wato babur. Ita ce Madam Fati. Bazabarma ce daga yamma, shekararta biyu a gidan likitan da ke kula da ƙauyukanmu na bayan Kieshe. Hausarta ta nuna, sai dai da ta buɗe baki ka san ba ƴar Arewa ba ce.

"Allurar mura ce," in ji ta. "Ba murar atishawa da majina ba. Wadda take zuwa da ɗari, ta kwantar da yaro da zazzaɓi, ta sauka a ƙirji. Bana wata ƙungiya ta ba da ita don ƴan lakwal, kyauta."

"To in kyauta ce, mi ya kawo taro?" na ce. "Ki zo ki soke su mu koma gona."

Ta yi dariya. "Baba Arzika, ruwan da ke cikin kwalbar ne kyauta. Hanyar da zai bi ya iso hannun yaro ba kyauta ba ce."

Nan ta warware mana. Maganin yana Dutsi a cikin firiji, domin can ne wuta take. Ba ya son zafi ko kaɗan. Na ƙauye ƙarami tana iya ɗauko shi a ƴar jaka bayan motonta, amma lakwal ɗinmu aji shida ne, sai babban akwati, shi kuwa ba ya hawa moto. Dole a ɗauki shatar mota ta kawo shi da sassafe ranar allurar. Ga esansi, wato man moton da za ta yi ta kai da kawo da shi, ga sabulu da ruwa mai tsabta, ga abincin mutum biyu da za su taya ta rubuta sunaye. Ƙungiyar ta ce wannan kason na gari ne, don a ga ko muna so da gaske. Ta kuma faɗi abin da ban riƙe da muhimmanci ba a lokacin: an ƙidaya kwalaben daidai da yawan yaran kowane gari, babu ragowa, wanda nasa ya lalace ya lalace.

Muka yanke kowane gida ya ba da tiya guda ta hatsi. Kaka ce, ba wanda ya yi gardama sai mutum biyu, su ma matansu suka auno a ɓoye. Na kai hatsin kasuwa na sayar, kuɗin ya isa motar har da ɗan saura. A nan ne Shaiɗan ya same ni, kuma ba ta ƙofar sata ya shigo ba. Mushe Idi ya ce ya ji ƙishin-ƙishin wakilin magajin gari da wani babba na ƙungiyar za su zo kallon aikin. Na kwana biyu ina juya abin. Manyan baƙi su sauka garinmu, ni ina shugaba, a ajiye musu shinkafa da wake? A garin da ke gabas da mu an taɓa yanka wa irin waɗannan baƙi akuya, shekara uku ana yi musu gori da ita. Na duba kuɗin motar, na duba amalankena da ke tsaye a ƙofar gida ba ya cin esansi, sai na ga rago.

Mahaifiyarku Kulu tana tankaɗe na shigo da shi a igiya.

"Wanga fa?" ta ce.

"Na baƙi ne."

"Da kuɗɗin hatsin mutane? Malam, rago ka yi ma yara allura?"

"Ke dai ki tanadi itace. Maganar kwamiti ba ta mata ba ce."

"Ni na auna tiyar gidan ga da hannuna," in ji ta, ba ta ko ɗago kai ba.

Madam Fati ma ba ta so ba. Na ce mata mota ta yi tsada, zan ɗauko akwatin da kaina jajibirin ranar, ya kwana a ɗakina. Ta ce a'a sau biyu. Na ce mata ni da na ɗauko amare da gawa da buhunan siminti a amalanken nan ban taɓa kayar da ko ɗaya ba, akwati ne zai gagare ni? Mushe Idi ya sa baki ya ce Parsidan mutum ne mai amana. Ita baƙuwa ce, mu kuwa dattawa biyu ne a kanta. Daga baya ta yarda, bisa sharaɗi uku da ta ƙirga mini a yatsunta: za ta ƙara manyan ledojin ƙanƙara huɗu a kan ruwan sanyin da ke cikin akwatin, kada in tsaya a hanya, kada in ɗaga murfin ko da wane dalili. Ita ranar tana wani ƙauye da ƴar jakarta, za ta iso mana washegari da hantsi. Da hannunta ta sa wa takardar karɓar maganin hannu, ba da nawa ba.

Ranar da zan tafi Dutsi, jikata Balki, ɗiyar ƴar'uwarku Hassi, ta biyo ni har bakin garka a ƙofar gida. Shekararta bakwai, tana aji biyu. Tun tana goye ƙirjinta ba shi da ƙarfi, ko hayaƙin murhu sai ya sa ta shaƙa. Amaryata nake ce mata.

"Tsohon miji, allurar kaka tahiya ɗaukowa?"

"Ita. Taki na ce a zaɓo mai kaurin taɓarya."

"To ka ji, na sake ka."

"Mace ba ta saki."

"Ni na saki. Mushe zan aure, shi yana da moto."

Na loda akwatin a Dutsi wajen azahar, na rufe shi da jiƙaƙƙen buhu da tabarma, na kamo hanya. Kun san zafin ƙarshen kaka, wanda iska ba ta motsi. Kun kuma san hanyar amalanke daga Dutsi zuwa garinmu ta ƙofar gidan kakanku na wajen uwa take bi, daidai bakin zaurensa. Tun da na auri Kulu ban taɓa wuce zauren nan a zaune ba. Sai na sauka, na tuɓe takalma, na durƙusa. A shekarar da fara ta cinye mana gona, rumbunsa ne ya riƙe gidana wata huɗu, bai taɓa ambata ba ko sau ɗaya. Akwai wata hanya ta bayan fadama, amma da an gan ni a kanta, kafin magariba maganar ta iso cewa Arzika ya zama shugaba ya fara kewaye surukinsa. Na ce a raina gaisuwa ce kawai, ba tsayawa ba ce.

Na iske tsohon kwance a kan tabarma, zazzaɓi ya kwana uku a jikinsa, leɓɓansa sun tsage. Dattawa huɗu na zaune suna yi masa fifita. Muka gaisa, kaina a ƙasa. Ya hango amalanken ta ƙofa.

"Mi kaka ɗauke da shi haka an lulluɓe kamar amarya?"

"Maganin ƴan lakwal ne, Baba. Da ƙanƙara, don kada shi yi zahi."

Ya lashi leɓensa.

"Ƙanƙara," ya ce. "Rabona da ruwan ƙanƙara tun azumin da anka kai ni likita Dutsi."

Bai roƙa ba. Ina so ku riƙe wannan, kada wani ya ɗora wa kakanku laifi. Bai san sharaɗin ba, kuma da na faɗa masa da shi zai fara kora ta in tafi. Amma a wurinmu idan suruki ya faɗi haka a gaban mutane, ya gama magana. Dattawan nan huɗu duk ni suke kallo. Na tashi na je na ɗaga murfin. Na ce leda huɗu ce, guda ba za ta rage komai ba. Aka fasa ta a ƙwarya, tsohon ya sha, ya lumshe ido, ya sa mini albarkar da ban taɓa jin irinta daga bakinsa ba. Sai surukata ta aiko daga cikin gida a ba ta ɗan guntu ta sa masa a goshi. Sai limamin garin ya leƙo dubiya, ba a shan ruwan sanyi a gaban liman a hana shi. Leda ta biyu ta tafi. Ta ukun na sa wuƙa na yanke bakinta, na ɓantari rabi don wata mai jego a maƙwabta, na mayar da sauran cikin akwatin haka nan a buɗe. Aka kawo hura, ba a tashi a bar hurar gidan surukai. Sai da aka yi la'asar na kama jakaina. Murfin nan na ɗaga shi ya fi sau biyar.

Washegari tun da safe aka yanka ragon. Mata suka kafa tukwane a bayan aji na shida, yara suka yi layi aji-aji, an wanke su an shafe su da mai, iyaye mata sun cika gindin bedi. Balki tana ta uku a layinsu, tana murguɗa mini baki. Madam Fati ta iso da ƙura har gira, ta wanke hannu, ta ɗaga murfin. Na ga bayanta ya sandare. Ruwan ledar da na yanka ya malale, kwalaben suna iyo a ciki, takardun da ke manne a jikinsu sun saɓule sun taru a gefe kamar ganye. Ta tsoma hannu, ta ciro ma'aunin zafi ta duba. Sannan ta ɗago ledar, ta dubi bakinta inda wuƙa ta bi a miƙe, ta dube ni.

"Baba Arzika, an buɗe akwatin nan?"

Ga Mushe Idi, ga maigari, ga iyayen yara, ga Hassi da goyo a bayanta. In na ce e, sai an tambayi dalili, in an tambayi dalili sai sunan surukina ya fito a bainar jama'a, a ce ya shanye ƙanƙarar maganin yara. Haka na gaya wa kaina shekaru da yawa, cewa shi na rufa wa asiri. Yau da na tsufa na san rabin gaskiya ce. Sauran rabin, ina tsoron a daina ce mini Parsidan.

"Ni dai yadda anka ba ni, haka na kawo shi," na ce.

Ta daɗe tana kallona. Sannan ta mayar da ledar, ta rufe akwatin, ta juya wajen mata ta ce maganin ya lalace, ba za ta sa shi a jikin ɗan kowa ba. Wuri ya ruɗe. Wata ta ce to a yi hakanan mana, ai ruwa bai shiga kwalba ba. Ta ce ba za ta yi ba. Wani ya ce hatsinmu fa? Ta shiga tattara kayanta. Manyan baƙin da na saya wa rago ba su zo ba, ashe tun farko ba su ce za su zo ba. Da azahar muka zauna mu dattawa muka ci naman, tunda an riga an dafa. An kai wa Madam Fati nata a kwano, ta ce ta gode, ta hau motonta ba ta taɓa ba.

Ban ƙara ko kalma ɗaya a kan ƙaryar nan ba, gari ne ya ƙarasa ginin. Kafin kasuwa ta zagayo an ce ta sayar da mai kyan a Dutsi ta kawo mana wanda ya mutu. Wasu suka ce dama maganin hana haihuwa ne, Allah ya tona. Aka kira ta can sama, aka tuhume ta da ba wa wanda ba ma'aikaci ba akwati, aka yanke mata albashi, kafin ɗari ya fita an mayar da ita wani gidan likita a ƙasar Tibiri. Mahaifiyarku ta sani tun a makon farko, domin da ta je duba tsohon, shi da bakinsa ya yi ta yaba mata mijinta da ya shayar da shi ƙanƙara. Ta dawo ta ajiye mini tuwo ta zauna nesa.

"Baba na gaishe ka," ta ce. "Ya ce ruwan sun yi sanyi ƙwarai."

Na ja kwanon tuwon gabana. Ba ta ƙara tayar da maganar ba. Ubanta ne a gefe guda, mijinta a ɗaya gefen, ta haɗiye. Mun zauna da wannan abu a tsakaninmu shekara tara.

Murar ta zo da ɗari kamar yadda aka faɗa. Aji ya koma rabi. Yawancin yaran sun yi mako guda sun tashi. Balki ta kwanta ranar Laraba, ranar Asabar numfashinta ya koma kamar ana jan zarto. Wannan karon na ɗauki shatar mota, ban tambayi kuɗinta ba. Ta cika muna hango duwatsun Dutsi, kanta a cinyar uwarta. Na tambayi likitoci daga baya, fiye da ɗaya, ko da an yi mata allurar da ta rayu. Kowa ya ce ba a sani ba, allurar tana rage haɗari ne, ba ta hana ajali. Na yarda kwana ya ƙare. Amma an ƙidaya kwalba guda da sunanta, ni na hana ta isa hannunta.

Hassi ta ɗora mutuwar a kan Madam Fati. Ko sunanta aka ambata sai ta tofar da yawu. Abin da ya fi wannan muni, ta rantse ba mai ƙara soka wa ɗanta allura. Duk sanda masu rigakafi suka shigo gari, sai ta kwashe yaranta ta tura su gona. Mata da yawa suka bi ta, don ita ce wadda ta rasa ɗiya, maganarta tana da nauyi. Ina zaune a ƙofar gida ina ganin ma'aikata suna fitowa daga gidan ɗiyata da jakarsu a rufe.

Da ciwon ajali ya kama Kulu, wata safiya ta sa aka fitar da kowa daga ɗakin.

"Baba ya tahi, ni ma ga ni bisa hanya," ta ce. "Ba sauran wanda kaka rufa ma asiri sai kanka. Malam, ka sauke kayan ga."

Bayan an yi sadakar arba'in na hau motar kasuwa zuwa Tibiri. Na yi tambaya har na sami gidan likitan da take. Ta yi jiki, furfura ta fito mata a gaban kallabi. Na jira ta gama da masu awo, na tuɓe takalma a ƙofar ofishinta kamar yadda nake yi a zauren surukina. Ta gane ni kafin in yi sallama ta biyu. Na faɗa mata duka, tun daga ragon.

"Na sani," ta ce. "Na ga bakin ledar. Ƙanƙara ba ta yanka kanta da wuƙa."

"To don mi ba ki hwaɗi ba, ɗiyata?"

"In ce dattijon gari ya yi ƙarya, a gaban garinsa, da Hausata ta Zabarmawa? Wa zai bi bayana? Kuma ni ma da nawa. Na san bai kamata in ba ka ba, na ji kunyar furfurarka na ba ka. Kai ka ji kunyar surukinka, ni na ji taka. Yaran ne ba wanda ya ji kunyarsu."

Na ce ta faɗi abin da aka yanke mata in biya, ko da zan sayar da gona. Ta girgiza kai. Ta tambaye ni yarinyar nan mai tsiwa ta aji biyu, wadda ta ce mata ta yi wa kakanta allurar tukuna. Na faɗa mata. Ta juya ta daɗe tana gyara takardun da ba su buƙatar gyara.

"Ni na yafe tun tuni, Baba. Amma yafewata ba ta shiga hannun yaro. Ka ce matan garinku suna ɓoye ƴaƴansu. Inda ka faɗi waccan, can za ka koma ka faɗi wannan."

Hassi na fara gaya wa, a ɗakinta, kafin Juma'a ta zo in faɗa wa gari. Tana tsinke zogale. Hannunta bai tsaya ba har na kai ƙarshe. Sannan ta ce:

"Shekara tara ina zagin baiwar Allah, kana ji."

"Ina ji."

"Kuma ka ci naman."

"Na ci."

Ta ɗauki tirenta ta fita. Daga ranar ba ta ƙara zuwa gaishe ni da safe ba. Tuwona yana zuwa kullum, da zafinsa, amma a hannun yara. Kada ɗayanku ya kira ta a waya ya ce ta yi haƙuri don uba uba ne. Na san abin da wannan irin kunyar take jawowa, ba na so a yi mini aiki da ita.

Watan jiya masu rigakafi sun sauka a lakwal, a mota. Ban je ba, ba na zuwa inda akwatin yake. Ina zaune a ƙofar gida wajen hantsi sai ga autar Hassi a guje, ta naɗe hannun riga, ta danne ɗan auduga a damtse da yatsa.

"Tsoho, duba. Ban yi kuka ba."

"Wa ya kai ki?"

"Inna."

Na ɗaga kai. Hassi tana wucewa ta bakin hanya da sauran biyun, kowanne da audugarsa. Ba ta dubi inda nake ba. Na bi ta da ido har ta shige gida, sannan na ce wa yarinyar ta danne da kyau, kada ta saki sai jinin ya tsaya.